Gembu: Garin da ya zaɓi Najeriya, yake jiran lantarki

Ga mazaunin Unguwar Rimi a Kaduna da ke kwana da ƙarar janareto, sunan Mambilla ba baƙo ba ne. Kusan kowace gwamnati da aka yi a Najeriya tun daga shekarun 1980 ta ambaci wannan suna a lokacin da take alƙawarin kawo ƙarshen matsalar wutar lantarki.

Sai dai mutane ƙalilan ne daga cikin masu jin sunan za su iya nuna wurin a taswira, balle a ce sun taɓa taka ƙafa a Gembu, babban garin da ke kan tsaunin, kuma hedkwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba.

Garin yana kusurwar kudu maso gabashin jihar, daura da iyakar Kamaru, a kan tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar na da mutane fiye da dubu 220.

Matafiyi daga Jalingo kan bi ta Bali da Serti, sannan daga Mayo Selbe ya fara hawa a kan hanya mai lanƙwasa da ramuka masu zurfi a gefe. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, wanda ake cewa ya samo sunansa ne daga ladan sule biyu da sisi da ake biyan 'yan dako a zamanin Turawa. Tafiyar kan ci mafi yawan yini, kuma a lokacin damina zaizayar ƙasa ko karyewar gada guda ɗaya ta isa ta raba yankin da sauran Najeriya na kwanaki.

Da zarar an kai sama, sai a ga wata ƙasa dabam: tuddai masu ciyawa iya ganin ido, da hazo da safe, da sanyin da kan sa baƙo daga Sakkwato ko Maiduguri ya nemi bargo a watan Afrilu.

Daga Banyo zuwa Jamus

Al'ummar Mambilla, waɗanda tsaunin ke ɗauke da sunansu, manoma ne da suka daɗe a wurin, kuma suna da dangi a ƙetaren iyaka. Masana harsuna na kallon wannan yanki na kan iyakar Najeriya da Kamaru a matsayin inda harsunan Bantu suka samo asali kafin su bazu zuwa tsakiya da kudancin Afirka.

A ƙarshen ƙarni na 19, ikon masarautun Fulani na Banyo da Gashaka, waɗanda ke ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa, ya iso tsaunin. Zamani ne na hare-hare da kamen bayi da karɓar gandu, kuma har yau tarihin baka na ƙauyuka da dama bai manta da shi ba. Duk wanda ke son fahimtar zafin rikicin da ake yi a yau, sai ya fara daga nan.

Jamusawa sun ci Banyo a shekarar 1902, tsaunin ya faɗa cikin ƙasar da suke kira Kamerun. Mulkinsu bai yi tsawo ba. A lokacin yaƙin duniya na farko sojojin Birtaniya daga Najeriya suka karɓe Banyo a watan Nuwamban 1915, daga bisani Ingila da Faransa suka raba ƙasar a tsakaninsu.

Layin da suka ja ya bar Banyo a hannun Faransa, Mambilla kuma a hannun Ingila. Wato an raba tsaunin da masarautar da ke iko da shi, an kuma raba dangi da dangi. Daga shekarar 1922 yankin ya zama amanar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, bayan yaƙin duniya na biyu kuma amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, amma a aikace ana tafiyar da shi ne daga Yola a matsayin wani ɓangare na lardin Adamawa, umarni kuma na fitowa daga Kaduna.

Ƙuri'ar da ta girgiza Kaduna

A watan Nuwamban 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mazauna Arewacin Kamaru, wato zirin ƙasar da ya taso daga Dikwa da Gwoza, ya bi ta Mubi, har zuwa Gashaka da Mambilla, ko suna so su shiga Jihar Arewa idan Najeriya ta sami 'yanci, ko kuwa a ɗage shawarar.

Shugabannin jam'iyyar NPC a Kaduna sun ɗauka cewa zance ya ƙare tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Sakamakon ya zo musu da mamaki: kimanin kashi 62 cikin ɗari suka zaɓi a ɗage.

Masana tarihi da dama sun fassara wannan ƙuri'a a matsayin nuna fushi ga mulkin En'e, da hakiman da ake turowa daga Yola da Dikwa, fiye da a ce ƙaunar Kamaru ce. Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya fahimci saƙon. Aka cire yankin daga ƙarƙashin En'e ta Adamawa, aka kafa sabbin hukumomin gargajiya, ciki har da ta Gashaka da Mambilla, aka kuma yi alƙawarin ba yankin lardi nasa na kansa.

Da aka sake kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairun 1961, mutane 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 kuma suka zaɓi Kamaru. Wani abin lura shi ne mata sun yi zaɓe a wannan karo, shekaru da dama kafin takwarorinsu na Kano da Katsina su sami wannan dama.

Ranar 1 ga watan Yunin 1961 yankin ya shiga Najeriya, aka raɗa masa suna lardin Sardauna, da hedkwata a Mubi. Shugaba Ahmadou Ahidjo bai ji daɗin sakamakon ba, har gwamnatinsa ta kai ƙarar Birtaniya kotun duniya da ke Hague, wadda a shekarar 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar.

Lardin ya ɓace da aka ƙirƙiro jihohi. Yankin ya bi Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ya koma Gongola a 1976, sannan Taraba a 1991. Abin da ya rage na sunan shi ne ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta.

Wannan tarihi na da tasiri a siyasar yankin har gobe. Mutanen Gembu kan tunatar da 'yan siyasa cewa su ba haɗe su aka yi da Najeriya ba, su ne suka zaɓe ta, don haka suna ganin akwai bashin da ƙasar ba ta biya su ba. Masu fafutukar neman sabbin jihohi daga tsohon lardin ma da wannan hujja suke kafa dalili.

Shanu da gona

Abin da ya sa tsaunin ya yi fice shi ne kuma ya zama tushen fitinarsa. Saboda tsayinsa da sanyinsa babu ƙudan tsando, ga ciyawa da ruwa kusan duk shekara. A farkon rabin ƙarni na 20 Fulani makiyaya suka riƙa hawowa da garkunansu, Turawan mulki kuma suka yi maraba da su domin jangalin da ake karɓa ya zama babbar hanyar samun kuɗin En'e.

Cikin 'yan shekaru Mambilla ta zama ɗaya daga cikin wuraren da shanu suka fi yawa a Najeriya. Fatake Hausawa suka biyo baya, suka kafa unguwanni a Gembu da Nguroje da Maisamari da Mayo Ndaga. Haka ma ƙabilun Kaka da Kambu da Panso, waɗanda ke da tushe a ƙasar tuddai ta Bamenda, sai kuma 'yan kasuwa Igbo daga baya. Fulatanci da Hausa ne harsunan kasuwa.

Tsarin da aka gada shi ne makiyayi ya riƙe tudu, manomi ya riƙe kwari. Wannan ya yi aiki a lokacin da mutane ba su da yawa. Amma jama'a ta ƙaru, dabbobi sun ƙaru, ƙasa kuma ba ta ƙaru ba.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ƙara dagula lamarin. Masu hali, ciki har da manyan makiyaya da 'yan boko da manyan ma'aikatan gwamnati daga wasu wurare, sun sami takardun mallaka a kan filaye masu faɗi, suka kewaye su da waya. Manomin da kakanninsa suka noma wuri ba tare da takarda ba, sai ya wayi gari ɗansa ba shi da inda zai sa fartanya. Dashen itacen turare, wanda ake sayar da katakonsa, ya cinye wani kason na ƙasar.

Kowane ɓangare na da hujjarsa. Manoman Mambilla na cewa ƙasar gadonsu ce, an karɓe ta ne da ƙarfin kuɗi da sanayya. Fulani kuwa na cewa an haife su a nan, an haifi iyayensu a nan, suna da takardun hukuma, kuma kiwon da suke yi a killace shi ne irin wanda gwamnatoci ke kira ga makiyayan ƙasar su runguma.

Rikicin da ya ɓarke a farkon shekarar 2002 ya kori dubban Fulani zuwa Kamaru. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi maganar mutane kimanin dubu 17, kuma sai a 2005 aka fara mayar da su gida.

A watan Yunin 2017 wutar ta sake tashi, aka kai wa rugage da dama hari, aka kashe mutane da shanu. Har yanzu ana jayayya a kan yawan waɗanda suka mutu. 'Yan sanda sun ambaci mutum 18 a kwanakin farko. Shugabannin Fulani sun ce ɗaruruwa ne, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu kuma ya ce adadin ya kai 800, abin da gwamnatin jihar ta musanta.

Tazarar da ke tsakanin 18 da 800 ta nuna irin nisan da ke tsakanin tsaunin da hukumomin ƙasar. A wurin da ɗan jarida zai yi yini guda kafin ya isa, kuma wayar salula ba ta kai kowane ƙauye ba, ko ƙidayar gawa ma kan koma batun siyasa.

Masu kallon rikicin daga nesa kan yi saurin sa masa rigar addini. Wannan bai dace da abin da ke ƙasa ba, domin akwai Musulmi da yawa a cikin al'ummar Mambilla, kuma sau da dama masu jayayya a kan fili sahu ɗaya suke bi ranar Juma'a. Magana ce ta ƙasa, da kujerar shugaban ƙaramar hukuma, da tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo.

Madatsar da ke kan takarda

Tun a shekarun 1970 injiniyoyi suka lura da abin da Allah ya hore wa wurin. Kogin Donga na tasowa ne daga kan tsaunin, sannan ya gangara ƙasa daga tsayi mai yawa. Idan aka tare ruwan a sama, aka zuro shi ta ramukan ƙarƙashin dutse zuwa injina a ƙasa, za a sami wuta mai yawa ba tare da buƙatar tafki mai girman na Kainji ba.

Tsarin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da shi a watan Agustan 2017 ya ƙunshi madatsun ruwa huɗu, da tasha mai ƙarfin megawat 3,050, da layukan dakon wuta na kimanin kilomita 700, a kan kuɗi dala biliyan 5.8. An tsara cewa bankin Exim na ƙasar Sin zai ba da rancen kashi 85 cikin ɗari, kamfanonin Sin uku kuma su yi aikin.

Domin a gane girman abin, wutar da ake rarrabawa a babban layin Najeriya baki ɗaya ta daɗe tana kai-komo tsakanin megawat dubu huɗu da dubu biyar.

Aikin bai tashi ba. Wani kamfanin Najeriya mai suna Sunrise Power ya ce shi aka ba kwangilar tun a 2003, don haka a watan Oktoban 2017 ya kai ƙara gaban kotun sasanta rikicin kasuwanci ta ƙasa da ƙasa da ke birnin Paris, yana neman diyyar fiye da dala biliyan biyu. Masu ba da rancen kuma suka noƙe, suna jiran a warware taƙaddamar.

A 2020 an cimma yarjejeniyar biyan kamfanin dala miliyan 200 domin ya janye, amma ba a biya ba, wannan ma ya haifar da wata sabuwar ƙara. A 2021 ma'aikatar lantarki ta sanar da rage girman aikin zuwa megawat 1,525.

Daga nan labarin Mambilla ya bar bakin kogi ya koma zauren kotu. A watan Janairun 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon ministan lantarki Olu Agunloye bisa zargin ba da kwangilar 2003 ba tare da amincewar gwamnati ba. A watan Yulin shekarar ta gurfanar da wani tsohon ministan, Saleh Mamman, ɗan asalin jihar Taraba, bisa zargin karkatar da kuɗaɗen ayyukan Mambilla da Zungeru. Dukansu sun musanta zargin a lokacin da aka karanta musu tuhuma.

A watan Janairun 2025 kuma tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Olusegun Obasanjo da Muhammadu Buhari, suka je Paris domin ba da shaida.

Ƙasar Habasha ta aza harsashin babbar madatsarta a kan kogin Nilu a 2011, ta ƙaddamar da ita a watan Satumban 2025 da ƙarfin fiye da megawat dubu biyar, duk da adawar Masar da ƙin ba ta rance da manyan bankunan duniya suka yi. A tsawon waɗannan shekaru, abin da Mambilla ta samu shi ne kwamitoci da takardun lauyoyi.

Ga mazauna tsaunin, jinkirin na da fuska biyu. Ƙauyukan da ruwa zai mamaye sun shafe shekaru suna jin maganar ƙidayar gidaje da biyan diyya. A wurin da fili ya riga ya yi ƙaranci har ana zubar da jini a kansa, tambayar inda za a tsugunar da dubban mutane ba ƙarama ba ce, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta a Abuja.

Wutar da aka tabbatar ta fito daga ruwan tsaunin ita ce ta wata ƙaramar tasha mai kilowat 400 a madatsar Tunga, wadda hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka gina domin masana'antar shayi ta Kakara. Gembu kuwa ta shafe shekarun da ake yi wa ƙasa alƙawarin wutar Mambilla tana dogaro da janareto da hasken rana.

Shayi, dutse da sefa

Gonar shayin Kakara, wadda aka fara a shekarun 1970, ita ce ke samar da Highland Tea, kuma tana sayen ganye daga hannun ƙananan manoma da ke kewaye. Ta sha durƙushewa tana farfaɗowa, gwargwadon kulawar gwamnatin da ke ci a Jalingo. Abin takaici ne cewa a ƙasar da kowace unguwa ke da teburin mai shayi, mafi yawan ganyen da ake dafawa daga waje ake shigo da shi.

Tsaunin na fitar da masara da gwaza da ayaba da dankalin Turawa da fiya da kofi da zuma, amma kuɗin mota zuwa kasuwannin ƙasa kan cinye ribar. A shekarun 2010 an yi rububin haƙar shuɗin dutsen safaya a Mayo Sina, kusa da Nguroje, inda matasa daga sassan Najeriya da ƙasashen maƙwabta suka yi dafifi. Duwatsun sun kai kasuwannin Asiya, ramukan kuma suka rage wa masu kiwo.

Kusa da nan ne gandun dajin Gashaka Gumti yake, mafi girma a Najeriya, da dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar. An daɗe ana maganar yawon buɗe ido, amma mai yawon buɗe ido ma hanya yake bi.

Ga 'yan kasuwar Gembu, Kamaru ta fi Jalingo kusa. Shanu da kayan abinci da man fetur na ƙetarawa ta Dorofi da Mayo Ndaga da ƙauyen da sunansa ma Kan Iyaka, mafi yawa a kan babura. Duk lokacin da naira ta faɗi a gaban sefa, ko aka rufe iyaka kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko aka janye tallafin mai kamar a watan Mayun 2023, a kasuwannin nan ake fara jin raɗaɗin.

Yaƙin maƙwabta

Tun daga 2017 wata sabuwar damuwa ta ƙaru. Yankin Donga-Mantung na Kamaru, wanda ke maƙwabtaka da tsaunin ta kudu, na cikin wuraren da ake gwabzawa tsakanin sojojin gwamnati da 'yan awaren Ambazoniya. A can ne aka kashe fararen hula fiye da 20 a ƙauyen Ngarbuh a watan Fabrairun 2020.

Dubban mutane sun tsere zuwa jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba. A ƙaramar hukumar Sardauna yawancinsu ba su zauna a sansani ba, sun sauka ne a gidajen dangi da ke magana da harshe ɗaya da su, lamarin da ya ƙara nauyi a kan makarantu da asibitoci da gonakin da dama can ba su wadatar ba.

A watan Nuwamban 2021 wasu 'yan bindiga da hukumomi suka ce 'yan awaren ne suka kai hari ƙauyen Manga a ƙaramar hukumar Takum, suka kashe mai garin da wasu mutane. Harin ya nuna cewa yaƙin na iya tsallako iyaka a duk lokacin da ya ga dama.

Akwai wani abu da tarihi ya juya a nan. A ƙuri'ar Fabrairun 1961 ɗin nan, Kudancin Kamaru da ke ƙarƙashin Ingila ya zaɓi haɗewa da Yaounde, a ranar da Arewa ta zaɓi Kaduna. Jikokin waɗanda suka zaɓi Kamaru ne a yau ke neman mafaka a gidajen jikokin waɗanda suka zaɓi Najeriya, suna hawowa da ƙafa ta hanyoyin da fatake da makiyaya suka bi tun kafin a ja iyakar.